Azahar ɗin da Malam Abdulbaqi Bai Kira Ba

Ƙarfe uku saura aka kira Sufeto Gidaɗo aka ce an tsinci gawa a Jakara. Kafin motarsu ta kai bakin lungun, ya riga ya ga gawar sau huɗu a wayarsa. Har guruf ɗin 'yan ajinsu na sakandare an tura. Wani ya rubuta innalillahi, na ƙasansa ya biyo da tallan shadda.

Shekara goma sha tara yana wannan aiki. A da in ya je wurin mutuwa kuka yake tararwa. Yanzu hannuwa yake tararwa a sama, kowa da wayarsa. Abin ya daina ba shi haushi tuntuni.

Mamacin Malam Abdulbaqi ne, baduku, ya haura saba'in, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin lungun tun kafin a haifi rabin masu ɗaukar hotonsa. Yana kwance a zauren da yake aiki, ƙeyarsa ta bugu da dutsen da yake daka fata a kai. Butarsa cike take da ruwa a bakin ƙofa. Makullin masallaci yana aljihun rigarsa. A gefen tabarma akwai tef ɗin awo irin na teloli.

"Wa ya kira Azahar yau?" Gidaɗo ya tambayi Saje Mikail, wanda ya riga shi zuwa.

"Ba kowa, Yallaɓai. An jira shi har biyu ta gota, makulli na wurinsa, sai aka shimfiɗa tabarmi a waje aka yi salla. Da aka idar ne aka leƙo."

"Ke nan kafin Azahar ne."

"Akwai wata matsalar kuma." Saje ya miƙo wayarsa.

Bidiyo ne. Wani mutum da tef a wuya yana nuna tsohon da yatsa a kan magudanar ruwa, yana cewa sai ya ga bayansa. A saman an rubuta: Ga wanda ya kashe Baffan Jakara. Mutum dubu tamanin sun gani.

"Wane ne Baffan Jakara?"

"Shi mamacin, Yallaɓai. Sunan shafinsa ke nan. Ɗan ƙaninsa Nazeer ke ɗaukarsa yana ɗinki yana nasiha. Mabiya dubu ɗari huɗu."

Gidaɗo ya dubi wayar tsohon a kan taga, 'yar rakani-kashi mai madanni, an ɗaure bayanta da roba. Mai mabiya dubu ɗari huɗu ke nan.

Mai tef ɗin Ilu tela ne, shagonsa gida uku daga nan. Lokacin da suka isa, samari sun fi talatin a ƙofar, wasu da gora, wasu da waya, wasu da duka biyun. An riga an jawo keken ɗinkinsa waje an kifar. Da ƙyar Saje ya fito da shi ya tura shi bayan mota ya kulle. Da sun ƙara minti goma, gawa biyu za a yi wa wanka a lungun.

Gidaɗo ya shiga ya zauna kusa da shi.

"Yaushe rabonka da zauren Malam?"

"Tun damina, Yallaɓai. Wallahi tun damina."

Gidaɗo ya ɗora tef ɗin awon a cinyarsa. Ilu ya kalli tef ɗin ya kalli taron ta gilashi.

"Da hantsi na shiga."

"To me ya sa ka rantse?"

"Ka ga mutanen nan? In na ce na shiga, wa zai tsaya ya ji sauran?" Ya share bakinsa da ya fashe. "Faɗan nan na bara ne. Da Sallah muka shirya, ni na ɗinka masa rigar da ke jikinsa. Shi ya aika a kira ni. Ya ce jiya a Kurmi wasu 'yan mata sun gan shi sun fashe da dariya, ɗaya tana kwaikwayon muryarsa. Ya ce in buɗe shafin nan a wayata in karanta masa abin da ake rubutawa, tunda shi ajami ya iya."

"Ka karanta?"

"Da na sani da ban karanta ba. Dariyar giɓinsa suke yi. Wasu sun ɗora muryarsa a kan kiɗa, yana maganar lahira ana rawa. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce, Ilu, ni na ɗauka nasiha nake yi. Ya ce kafin ya kira Azahar sai Nazeer ya goge komai a gabansa."

Gidaɗo ya bar shi a motar, ya ce kada ya sauke gilashi.

Nazeer yana ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Saurayi ne ɗan ashirin da bakwai, mai tsafta, idonsa ja, wayarsa na jone da caji a aljihu.

"Allah ya ji ƙan Baffanka."

"Amin, ranka ya daɗe."

"Kun yi magana da shi yau?"

"Gaisuwar safe kawai."

"Bai ce ka goge shafi ba?"

"Shafi? Ai Baffa ya fi kowa son shafin nan."

"Ina kake tsakanin ɗaya da biyu?"

Amsar a shirye take, kamar abincin mai gayya. Nazeer ya zaro wayar. "Ina rumfata a Kurmi ina bidiyo kai tsaye a shafi, daga ɗaya har biyu da rabi. Mutum dubu uku suna kallo. Ga shi nan na adana."

Shi ne kuwa, a tsakiyar jakunkunan fata, yana ɗaga su ɗaya-ɗaya yana dariya, hayaniyar kasuwa a bayansa. Gidaɗo ya ce ya turo masa. A da shaida biyu ake nema, yau ga dubu uku, kuma ba wanda zai iya kiran ko ɗaya ofis.

Ya yi sallama ya shiga cikin gida. Matar mamacin, Kulu, tana zaune a kan tabarma a rumfa, mata sun kewaye ta. Ba ta kuka. Hannuwanta na kan gwiwoyinta kamar an ajiye mata su.

"Baba, kina ina da rana?"

"Gidan suna, a lungun baya. Ina jira in ji ya kira in tashi in yi salla. Shekara arba'in da ɗaya da muryarsa nake tashi. Na ji na Kabara, na ji na bakin kasuwa. Nasa ban ji ba."

"Ki duba min, wannan rigar ce Nazeer ya fita da ita yau?"

Ya kunna bidiyon ya ja shi tsakiya. Ta duba ba tare da ta kula ba. "Rigunansa duk ɗaya suke a idona."

Zai kashe ke nan ta kama hannunsa. Can ƙasan surutun Nazeer da hon ɗin babura, lasifika na kiran salla. Gidaɗo ya kalli wurin nan ɗazu bai ma lura ba. Wa ke lura da kiran salla a birnin Kano?

"Mayar baya," in ji ta.

Ya mayar.

"Malam ne."

"Baba, masallatai nawa ne a kewayen Kurmi?"

"Saurara. Ka ji ya tsaya? Tun da ya yi ciwon ƙirji ba ya iya haɗa hayya alas sala da numfashi ɗaya. Sai ya tsaya ya yi tari." A wayar, muryar ta tsaya, aka yi tari sau biyu, ta ci gaba. "Ka ji."

Sai a lokacin hawayen suka zo mata, ba sauti. Ta ce ya sake mayarwa. Ya mayar sau uku, yana tsugune a gabanta, ƙafarsa ta yi tsami bai motsa ba.

A zaure ya sa aka kawo Nazeer. An riga an ɗauke gawar, saura dutsen da butar. Gidaɗo ya kunna wurin ya ɗaga sauti.

"Muryar wa?"

Nazeer ya saurara. Fuskarsa ba ta canza nan take ba. "Baffa ne."

"Yau ka ce ka yi wannan?"

"Yau ne."

"Lungun nan kaf a waje suka yi Azahar yau, makulli na aljihunsa. Ya aka yi ya kira a wayarka kaɗai?"

A waje ana jin taron na guna-guni.

"Na jiya ne," Nazeer ya ce a hankali. "Akwai manhajar da ake saka tsohon bidiyo ya fito kamar yanzu ake yi."

"Na sani. Faɗa min na zauren."

Ya zauna a ƙasa ba a ce ya zauna ba. "Ya ce in goge. Na ce Baffa, shekara biyu ina tara mutanen nan. Kafin shafin nan ba wanda ya san sunana ko a lungunmu. Ya ce shi ba abin wasan yara ba ne. Ya kama wayar, na fizge. Turewa ɗaya na yi." Ya nuna da hannu, kaɗan, kamar mai rufe taga. "Na kira shi bai amsa ba. Na fita ta baya na hau sama na kunna na jiya."

"Ba ka kira kowa ba."

"Ban kira ba."

"Bidiyon Ilu fa?"

"Yana wayata tun bara. Da labari ya fita, mutane suna ta tambaya a shafi, wa ya yi, wa ya yi. Sai an ba su wani." Ya ɗago. "Ranka ya daɗe, sau biyu na kalli na jiyan kafin na saka. Na duba riga, na duba rana. Wallahi ban ji kiran sallar ba. Tun ina goye nake jin sa."

Gidaɗo bai ji tausayi ba, bai ji fushi ba. Gajiya kawai ya ji. Ya ce Saje ya sa masa ankwa, ya karɓi wayar ya jefa a ambulan.

Da suka fito, hannuwa suka tashi. Saje ya buɗe bayan mota, Ilu ya sauko, aka shigar da Nazeer inda ya tashi. Gidaɗo ya faɗa da ƙarfi, sau biyu, cewa Ilu ba shi da hannu. Na gaba-gaba suka ji. Sauran suna bin motar da waya.

Ilu ya tsaya a kan kekensa da aka kifar. Kan ya tsage.

"Yallaɓai, matata ta kwashe yara ta gudu Kabara. Wancan bidiyon nawa, wa zai goge shi?"

Gidaɗo ya duba. Dubu ɗari biyu da goma, kuma shafuka sun fi ashirin da suka kwafa.

"Ofis zai fitar da sanarwa."

"Mutum nawa ke karanta sanarwar ofis?"

Gidaɗo ya sunkuya suka ɗaga keken tare. Wasu mata biyu da suka sauka daga adaidaita a bakin lungu suka tsaya, ɗaya ta dubi wayarta, ta dubi Ilu, ta taɓa 'yar uwarta.

"Lah, shi ne wannan. Har sun sake shi."