Tantabarun da Suka Dawo Sabo

A unguwar Sabo ta Ibadan akwai wani yaro ɗan aji shida na firamare. Ba abin da yake so kamar tantabaru. In ka gan shi yana tafiya kansa a sama har yana tuntuɓe, to wata ce ta gifta. Shi ya sa 'yan ajinsu suke kiransa Sarkin Tantabaru.

Kawunsa ne ya fara kawo masa guda biyu daga Arewa a motar albasa. Yaron ya yanka tsofaffin jarkoki, ya rataye su a bangon bayan gida, suka zama ɗakunansu. Kafin shekara ta zagayo, gidan ya cika da tantabaru.

Umma ce ta fara gajiya.

"Dubi zanina!" in ji ta. "Yanzun nan fa na shanya shi, har sun ɓata shi da kashi. Kuma geron kununa, ina ya shiga?"

Yaron ya sosa ƙeya. Geron yana cikin tantabaru, kowa ya sani.

Baba ya ce, "Ka ji ni da kyau. Ko dai tsuntsayen nan su ciyar da kansu, ko su shiga tukunya."

Washegari yaron ya je makaranta fuska a murtuke. Malamin ajinsu, Malam Mahmudu, ya tambaye shi abin da ya faru. Da ya ji, sai ya yi dariya.

"Ai abu ne mai sauƙi," in ji Malam. "Mutane suna neman 'yan shila, wato ƙananan da ba su fara tashi ba. Ana yi wa marar lafiya farfesu da su. Ka riƙa sayar da kaɗan, ka sayi geron sauran."

Haka kuwa aka yi. Matan unguwa suka fara aikowa. Har Iya mai abinci ta bakin titi ta zama mai saye. Yaron ya daina taɓa geron Umma. Ya sayi nasa buhun, ya kuma saya wa kansa takalmin makaranta. Tafiyarsa ma ta canja, sai ka ce shi ya gina Sabo.

Wata Asabar wani abokin Baba ya zo. Sunansa Alhaji Rilwanu, mai sayar da goro, gidansa yana unguwar Mokola. Ɗansa Suhaibu ajinsu ɗaya da yaron.

"Ba na ci nake so ba," in ji Alhaji. "Manya nake so, mace da namiji, Suhaibu ya koyi kiwo. Ba ni waccan farar da mijinta."

Yaron ya dubi farar, wadda yake kira Fara. Fara ita ce 'yar lelensa. A tafin hannunsa take cin gero. Amma Alhaji ya saya da daraja, ga Baba kuma a tsaye.

To, duk mai kiwon tantabaru ya san abu ɗaya. Babbar tantabara ba ta manta gidansu. In ka sayar da ita, sai ka fige mata dogayen gashin fiffike. Sannan ka ce wa mai saye ya rufe ta har ta yi ƙwai a sabon gida. Kafin gashin ya sake fitowa, ta saba da wurin. Kawu ya koya wa yaron wannan tun farko.

Yaron ya kama Fara, ya buɗe fiffikenta. Ya dubi gashin nan mai kyau, sai ya kasa. Ya saka su a kwali yadda suke, ya miƙa wa Alhaji. Maganar rufewa kuwa, bakinsa bai furta ta ba.

Bayan 'yan kwanaki yana zuba gero da yamma, sai ya ji fiffike a kansa. Ya ɗaga kai. Ga Fara da mijinta a kan kwanon gida! Ta sauko ta dira a kafaɗarsa kamar ba a taɓa sayar da ita ba.

Daɗi ya kama shi. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Sai ya saka su a jarkar da ke can ƙarshe, bayan tankin ruwa.

"Ai ba ni na kira su ba," ya ce a ransa. "Da kansu suka zo."

Da safe Umma tana shara ta tsaya.

"Wannan farar ba ita ka sayar wa Alhaji ba?"

"A'a, Umma. Mai kama da ita ce."

Umma ta dube shi, ta ce, "Uhm." Ta ci gaba da shararta.

A makaranta ya tarar da Suhaibu zaune shi kaɗai, idanunsa sun yi ja.

"Lafiya?" in ji yaron.

"Ina fa lafiya! Wahala ce kawai," in ji Suhaibu. "Na buɗe musu keji su sha iska, suka tashi, shi ke nan. Baba ya ce ƙarya nake yi, wai sayar da su na yi."

"Me zai sa ya ce haka?"

"Ka manta na taɓa sayar da ƙwallona a ɓoye? Tun lokacin bai yarda da ni ba. Ranar Asabar, da an ba da hutu, zai tafi Kano gaishe da Kaka, da ni za a je. Yanzu ya ce ba inda zan je sai na faɗi wanda na sayar wa. To wa zan ce? Kaka ta tsufa fa. Ta ce tana son ta gan ni."

Suhaibu ya share hawaye ya ce, "Kai ne ka san tantabaru. Za su dawo, abi?"

Yaron ya dubi ƙasa. "Wataƙila," in ji shi.

Ranar nan ko amala da miyar ewedu da yake so bai iya ci ba. Fara ta sauka a hannunsa, amma bai ji daɗin komai ba. Tsoro yake ji. In ya faɗi gaskiya, Baba zai iya raba shi da tantabarun gaba ɗaya. In ya yi shiru, Suhaibu ba zai ga kakarsa ba.

Laraba ta wuce. Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a da aka tashi, Malam Mahmudu ya tsayar da shi.

"Sarkin Tantabaru, yau sau nawa ina kiranka ba ka ji ba? Ciniki ne ya tsaya?"

Sai yaron ya fashe da kuka. Ya faɗa masa komai.

Malam bai yi masa tsawa ba. Ya ce, "Da Alhaji ya biya ka, tantabarun na waye?"

"Nasa ne, Malam."

"Da suka tashi suka zo gidanku fa?"

"Nasa ne har yanzu."

"To ka san abin yi. Motar Kano gobe da safe take tashi daga tashar Ojoo. Kada ka bari ta riga ka."

Yaron ya ruga gida. Ya sami Baba ya dawo daga masallaci. Ya durƙusa, ya faɗi abin da ya yi, har da ƙaryar da ya yi wa Umma.

Baba ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ka ba ni kunya. Amma gara da ka faɗa da bakinka. Oya, ɗauko su."

Wannan karon yaron ya fige gashin fiffiken da hannunsa, yana yi yana ba Fara haƙuri. Suka hau keke Napep zuwa Mokola, kwali a kan cinyarsa.

Sun tarar da Alhaji yana ɗaure kaya. Jaka ɗaya ce kawai a ƙofa. Suhaibu yana zaune a gefe ya haɗa kai da gwiwa.

Yaron ya buɗe kwalin. Ya ce, "Alhaji, ga tantabarunka. Gidanmu suka koma. Suhaibu bai sayar da su ba. Ni ne ban fige su ba, ban kuma ce a rufe su ba. Da suka dawo na ɓoye su. Ka yafe mini."

Alhaji ya dubi kwalin, ya dubi ɗansa. Ya ce, "Innalillahi! Suhaibu, ashe gaskiya ka faɗa. Na zarge ka a banza, ka yi haƙuri. Tashi ka haɗa kayanka."

Suhaibu ya yi tsalle ya ruga ɗaki, har ya bar takalmi ɗaya a tsakar gida. Yaron ya ja dogon numfashi. Sai yanzu ya ji yunwa.

Amma Baba bai ƙyale shi haka ba. "Ba sauran ciniki sai bayan hutu," in ji shi. "Kuma kullum za ka zo nan ka ba su abinci daga geronka, har Suhaibu ya dawo. In ya dawo ka koya masa duk abin da ka sani."

"Na yarda, Baba."

Haka ya yi ta zuwa Mokola a ƙafa, ko ana ruwa. Suhaibu ya dawo da tsarabar Kaka, har da ta yaron. Bayan hutu ciniki ya dawo. Yanzu ba ya miƙa wa kowa tantabara sai ya yi masa bayani tukuna. Alhaji ma ya riƙa turo masa abokansa 'yan goro.

Fara ta yi ƙwai a Mokola, ta ƙyanƙyashe. Da gashinta ya fito, yaran biyu suka buɗe kejin. Ta tashi sama, ta nufi Sabo. Suhaibu ya riƙe hannun abokinsa. Sai ta yi kwana, ta dawo, ta sauka wurin 'ya'yanta.

Yaron ya yi dariya, ya ce, "Alhamdulillahi! Yanzu ta zama taka."

Daga nan ya gane cewa son abu kaɗai ba ya isa a yi sana'a da shi. Sai an haɗa da gaskiya. Abin da ka sayar ba naka ba ne, ko da ya dawo hannunka da kansa.