Abin da Injin Kafet Ya Haɗiye

"Wai kai, in ba ka zuba ruwa ba, to dattin ina yake zuwa?"

Inna ce ta yi tambayar, tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ɗanta yana durƙushe a gabanta yana kwance bakin injinsa. Amarya tana madafa tana dauraye kofuna, sai ta rage ƙarar ruwan don ta ji amsa. Ta daɗe a gidan, har 'yarta ta yi wayo, amma Amarya ake ce mata har yau, kuma har yau ba ta iya sa baki idan uwar miji da ɗanta suna magana.

Mijin nata, wanda duk layin ke kira Mai Kafet, ya yi dariya.

"Inna, wankin da kika sani na da ne. Ofisoshin nan wayoyin lantarki ne shimfiɗe a ƙarƙashin kafet ɗinsu, ka zuba ruwa ka jawo gobara. Magani nake fesawa kaɗan-kaɗan, kamar raɓa, burushi ya bi ya cuɗa shi. In ya bushe sai ya daskare kamar gishiri, duk abin da ya tarar a ciki ya rufe shi ruf. Washegari in zo da wannan ya zuƙe."

"Duk abin da ya tarar?"

"Duk."

"Kai da ko kofin da ka sha shayi ba ka daurayewa, wai kai ne mai gyara wa manya ɗaki. To Allah ya sa datti kaɗai yake tararwa."

Injin ya ƙi tashi. Tun da ya gama aikin wani ɗakin taro a can saman bene injin ya mutu. Ɗakin ya yi shekaru a kulle, sabon kamfani ne ya karɓe shi. Akwai wata tsohuwar durowa a kusurwa da ba a taɓa ɗagawa ba. Shi ya ture ta, ya yi feshi a gurin ana gab da kiran magariba, yana sauri. Washegari ya zuƙe, injin ya yi wani gurnani ya yi shiru. Bai tsaya zubar da buhun ƙurar a can ba kamar yadda ya saba. Ya ɗauko shi haka, ya jingine shi a ɗan siton da ke jikin ɗakinsu, kafin mai gyara ya dawo daga tafiya.

Rana ta faɗi. Hasken tsakar gidan ya koma ja, ya koma toka. Kaji suka shige akurki da wuri, ba wanda ya kore su. Tsigi, 'yar Amarya, wadda aka sa wa wannan suna saboda ƙanƙantarta da yawan surutu, tana wasa da murfin kwalba a bakin siton, sai ta daina. Ta zauna tana kallon ƙofar.

Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo, bai faɗo ƙasa ba.

Mai Kafet ya fita da takalmi ɗaya yana zagin yaran layi. Babu kowa a waje. Yana dawowa wani ya faɗo, sannan wani, kuma duk a guri ɗaya suke sauka, daidai saman siton.

Haka aka shiga kwanaki. Da rana gida lafiya lau. Da zarar inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai jifa. Bayan jifa sai wata murya ta mace, can ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin yaro a bayan bango. Maƙwabta suka ce ba su jin komai. Inna ta riƙa kunna turare har idanu suka yi ja. Tsigi ta daina surutu. Ta daina cin abinci sai an ɗura mata. Wuyanta ya yi siriri, rigarta ta fara zamewa daga kafaɗa.

Amarya ta lura da abin da ba wanda ya lura. Ta shiga siton ɗauko tsintsiya, ƙafarta ta gogi buhun injin, ta ji shi da ɗumi. Inji ya kwana da yawa a mace, siton ba ya ganin rana, amma buhun ɗumi gare shi irin na cikin kaza mai kwanci. Ta buɗe baki za ta faɗa wa mijinta da ya dawo, ta ga yadda ya jefar da hularsa don gajiya, ta haɗiye. Me za ta ce? Buhu yana da ɗumi? Inna sai ta yi mako tana ba da labarinta.

Ranar da abin ya kai maƙura, Tsigi tana kan cinyar Amarya, ita kuma tana taje mata kai. Yarinyar ta yi nauyi farat ɗaya, nauyin da ƙafar Amarya ta kasa ɗauka. Ta juyo, idonta a kafe, ta ce da muryar babbar mace:

"Ke ma uwa ce. Kin ji ɗuminsu. Me ya sa kika yi shiru?"

Amarya ba ta san ta yi ihu ba sai da ta ga Inna a kanta tana salati.

Malam Dogo ya zo washegari bayan la'asar. Tsoho ne mara ƙiba, ba ya ɗaga murya, ya riƙe butarsa da kansa. Ya ce a shimfiɗa yarinyar a ɗakin uwarta, uwar ta riƙe kanta, uban ya riƙe ƙafafu. Ya sa aka kawo ruwa a kwano ya yi tofi a ciki, ya ajiye a gefen Amarya. Sannan ya fara karatu, a hankali, ba gaggawa, har hasken taga ya fara dushewa. Jikin Tsigi ya sandare. Yatsun ƙafarta suka lanƙwashe a hannun ubanta.

"Ya isa, tsoho," muryar ta ce. "Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba naka ba ne."

"To me ya haɗa ki da yarinyar da ba ta san komai ba?"

"Nawa me suka sani? Suna barci a ƙarƙashin durowa, inda na haife su, inda uwata ta haife ni. Masu wanki da ruwa sun sha zuwa benen can. Ruwa muna jin tahowarsa, mu ɗauke yaranmu mu hau bango har ya bushe. Wannan ya zo da abin da ba a ji. Bai yi sallama ba, bai ambaci Allah ba. Na fita neman abinci, na dawo na tarar da su a daskare kamar gishiri, ina ganinsu suna ganina. Na kwana ina kankara da farce. Da safe ya zo da ƙarfensa ya haɗiye su."

Mai Kafet ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ban sani ba."

"Rashin saninka ba ya shayar da su."

Malam ya ce, "Ina suke yanzu?"

Idon yarinyar ya juyo sama, ya tsaya a fuskar uwarta. Amarya ba ta taɓa magana a gaban baƙon namiji ba.

"Suna cikin buhun injin, Malam," ta ce, kanta a ƙasa. "Yana da ɗumi."

Inna ta dube ta.

Aka kwance buhun aka kawo. Tsohon buhu ne na yadi, ɗinkin gindinsa ya fara saki. Malam ya ce a juye shi a baho a zuba ruwa, gishirin ya narke, ta kwashi 'ya'yanta ta tafi.

"A'a," muryar ta ce. "In suka farka a nan, nan za su sani gida. A mayar da su inda aka ɗauke su, a zazzage a kan kafet ɗin, a kwarara ruwa har ya jiƙe sharkaf."

"Malam, ba a zuba ruwa a gurin nan," in ji Mai Kafet. "Shi ne dalilin da suka ɗauke ni. In manaja ya ga danshi, ba shi kaɗai ba, duk benen nan na rasa shi."

"To riƙe benenka," muryar ta ce, "ni ma in riƙe wannan."

Ƙirjin Tsigi ya ɗaga ya tsaya, bai sauka ba. Leɓenta ya fara canza launi.

"Kai, don ubanka!" Inna ta daka masa tsawa. "Bene ne ya haife ka?"

"Zan zuba! Zan kashe wutar benen in zuba. Sake ta!"

Numfashin ya sauka. Malam ya matso, ya sa mai muryar ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba ita ba gidan nan, ba ita ba yarinyar nan. Ta yi ta kewaye-kewaye, ya koma karatu, ta yi ƙara ta rantse.

"Ba zan tako ba sai in an kira ni. Amma ku sani, ambatona kirana ne, ni ko nawa. Kuma ba ni da ƙofa a gidan nan sai wannan 'yar."

Tsigi ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta ce da 'yar muryarta, "Umma, ruwa."

Malam ya miƙe yana kaɗe riga. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji da kunnenku. Jikin yarinyar nan ba zai ɗauki shiga ta biyu ba. Daga yau ba wanda zai sake ta da zancen nan a gidan nan, ko da wasa, ko da raɗa. Abin da ya wuce ya wuce."

Mai Kafet ya rungumi buhun ya fita, Malam yana biye da shi da buta. Inna ta tafi alwala. Amarya ta shayar da 'yarta, ta tsoma hannu a ruwan tofin ta shafe mata fuska da wuya, ta kwantar da ita a gado. Barci ya ɗauke yarinyar nan take, barci mai daɗi irin wanda ta daɗe ba ta yi ba.

Da ta juyo ne ta gani. A inda aka ajiye buhun, daidai inda ɗinkin ya saki, ga ɗan garin ƙura fari-fari a ƙasa, bai fi cikin cokali ba.

Ba ta tsaya tunani ba. Ba su yi nisa ba, in ta yi gudu za ta cim musu a bakin titi. Ta durƙusa ta tattara shi da yatsu ta zuba a tafin hannunta. Sai da ta ji ɗumin ta tuna hannunta a jiƙe yake.

Garin ya narke. Wani abu ya motsa a tafin nata, mara nauyi, kamar ɗan tsako da ya fito daga ƙwai. Ba ta ga komai ba. Ta ji shi ya bi tsakanin yatsunta, ya sauka a kan ƙafarta, ya ɗan tsaya yana laluba. Sannan gefen zanin gadon da ke lilo ya ɗaga kaɗan, ya koma. Daga ƙarƙashin gadon da Tsigi ke kwance ta ji wani ɗan numfashi, gajere-gajere, ya yi ta raguwa har ya daidaita da na 'yarta.

Ta daɗe a durƙushe, hannunta a buɗe.

Bayan isha mijinta ya dawo, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Ya tsaya a kan Tsigi ya daɗe yana kallonta, ya taɓa goshinta, ya yi hamdala. Sannan ya zauna a bakin gadon, dugadugansa suna taɓa zanin da ke lilo.

"Aikin dai ya tafi," ya ce. "Mai gadi ya gani, ya kira manaja. Allah ya ba mu wani." Ya rage murya. "Da na zuba ruwan na ji kamar dariya. Sai kuma ta tsaya. Sai na ji kamar ana ƙirga, ana komawa farko, ana sake..."

"Baban Tsigi," ta katse shi. Ba ta taɓa katse shi ba. "Malam ya hana."

Ya dube ta da mamaki, ya gyaɗa kai.

"Haka ne. Nan dai lafiya?"

Maganar tana bakinta, cike, har tana jin ɗacinta. In ta furta, zai koma wa Malam, za a ambata, kuma ƙofar ga ta nan kwance da babban yatsa a baki. Ta tuna wata uwa a can saman bene tana ƙirga, ta kawar da tunanin da ƙyar. Ƙarƙashin gadon nan ba za ta sake sa masa tsintsiya ba. In Inna ta kira ta ƙazama, ta ji ta ɗauka. In za ta shiga ɗakin za ta yi sallama, ko da ba kowa. Har ta mutu ba mai ji daga bakinta.

"Lafiya lau," ta ce. "Ɗan ɗaga ƙafarka daga nan, in kawo maka abinci."