Lungun Ƙarƙashin Bene

A kan takardar rabon shaguna muka yi faɗan, ni da Injiniya, saura wata biyu bikinmu.

Shi ne ɗan mai kamfanin, shi ya zana sabon ginin shagunan mai hawa uku. Ni kuma aikina raba su ga 'yan haya, wa zai zauna bakin ƙofa, wa zai hau sama.

Cikin tsofaffin shagunan da aka rushe don a yi ginin har da na Babana. Shekara talatin yana gyaran agogo a wurin, da gilashinsa maƙale a ido ɗaya. An yi wa duk tsofaffin 'yan hayar alkawarin sabon wuri, amma na bi jerin sunayen da aka ba ni sau uku ban ga nasa ba.

Na ɗauka mantuwa ce, sai na rubuta shi a ɗan lungun ƙarƙashin bene, daidai ƙofar shiga. Injiniya ya sa biro ya soke.

"Masoyiyata, ki fahimce ni... Baba ya tsufa, ya zauna gida ya huta, ni zan ɗauke masa komai."

Na ce Baba bai ce wa kowa ya gaji ba. Ya shiga kewaye-kewaye, wai lungun na ajiye tsintsiya ne, wai zai ɓata kyan ƙofa. Ni zai gaya wa ƙofa? Ni da na yi sati a tsaye cikin rana ina ƙirga masu wucewa? Mai jiran a sa wa agogonsa batir ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ya leƙa shago biyu uku ya fito da leda a hannu. Daga ƙarshe sai gaskiyar ta fito daga bakinsa.

"Abokaina za su riƙa shigowa... in ce musu wancan surukina ne?"

Wallahi ina son mutumin nan kamar raina, amma ranar na ji kunyar son da nake masa.

Sa hannun rabon nawa ne, ba nasa ba. Na mayar da sunan Baba, na buga hatimi. Ya ce in dai takardar nan ta tsaya a haka, to babu biki. Na ce ta tsaya.

Gida ya ɗau zafi. Umma ta daina yi min magana, Gwaggo ta ce taurin kaina ne zai tsofar da ni a ɗakin uwata. Baba ya kira ni gefe.

"Ki soke ni, Mamana. Wa ma yake ɗaura agogo yanzu? Kada ki rasa miji a kan teburi."

"Baba, teburin nan ne ya kai ni makaranta. Ba zan soke ka ba, ko shi kaɗai ya rage namiji a duniya."

Aka fasa bikin.

Ranar buɗe ginin na hango Injiniya ya zagaya da baƙinsa ta ƙofar baya. Bai ko kalli inda nake ba. Na tsaya gaban teburin Baba, kaina a sama, hawaye na zuba na ƙi sharewa. Mutum huɗu ne a layi suna jiransa.

Baba bai ɗago daga agogon da ke hannunsa ba, amma na ga nasa idon ma ya cika.

"Mamana, ɗan matsa, kin tare min haske."