Daɓen Filin Kokawa

"To ni yanzu me zan ce wa Baffa? In ce masa yashi ka karanta a jami'a?"

Nuriyya ce ke magana, tana tsaye a bakin filin rungume da kular abinci. Suhaibu bai ɗago ba. Yana durƙushe gaban wata babbar rariyar waya, yana tankaɗe yashi a hankali kamar mai shirin tuwon suna.

"Ki ce masa ilimin ƙasa na karanta, Nuri. Yashi ai ƙasa ne."

"Kai komai wasa..."

"Sanyin idona, jibi ake buɗe gasa. Babban alƙalin wasa ya ce in filin nan ya yi masa, zai sa ni cikin ma'aikatan hukumarsu. Duk ƙasar da za a yi kokawa, ni zan riƙa shirya fili. Aiki mai takarda da hatimi, irin wanda Baffa yake so."

"In bai yi masa ba fa?"

"Miƙo hannunki."

Ya zuba mata yashin a tafi. Laushinsa kamar garin alkama, babu tsakuwa ko ɗaya. Ta so ta ci gaba da fushi, murmushi ya ƙi ba ta haɗin kai.

Baffa Sa'idu yayan mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara shida da mahaifin ya rasu. Shekara talatin da biyar ya yi a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya, kuma a fahimtarsa namijin da ba shi da tebur bai gama zama mutum ba. Sau biyu manyan Suhaibu suna tasowa daga Toranke neman aure, sau biyu yana ce musu, "Za mu duba." Duk wanda ya taɓa kai takarda ofishinsa ya san inda wannan maganar take ƙarewa.

Ana cikin haka gasar kokawa ta ƙasashe tara ta faɗo Gaya, a filin da ke bakin unguwarsu. Dalilin zaɓen Gaya kowa da nasa, kuma kowane mai dalili ya rantse daga sama ya ji. Abin da ba a musu a kai shi ne unguwar ta tashi tsaye. Aka shafe katangu da farar ƙasa, wato ɓangaren da ke kallon titi. Masu adaidaita suka liƙa tutocin ƙasashen da ba su san sunansu ba. Mai shayin bakin masallaci ya koyi kalma biyu ta Faransanci yana yi wa kowa, har liman. Aka sauke 'yan kokawar a makarantar firamare, ƙarti masu wuya kamar turmi, ga kunya kamar sababbin angwaye. Kowane gida ya ɗauki ranar girki ba tare da an roƙe shi ba, don a Gaya baƙo ba ya kwana da yunwa ko da cinsa na mutum huɗu ne.

Baffa aka naɗa shugaban kwamitin tarbar baƙi. Aka ba shi kati mai igiya na ratayawa a wuya. Tun ranar ba a sake ganin wuyansa babu katin ba, har a sahun sallah.

Ranar Juma'a da safe Suhaibu ya gama. Tifa shida na yashin rafi, kwana tara yana tankaɗe, ya baje shi lumui. Ya hau babur ya tafi Toranke duba mahaifiyarsa da ba ta jin daɗi, da niyyar dawowa da sassafe.

Da hantsi Baffa ya fito zagayen gani da ido. Ya tsaya a bakin filin, ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ne an gama?"

Aka ce masa shi ne.

"Baƙi daga ƙasa tara, a sauke su a kan yashi kamar awaki? A ce an zo Gaya? Ku kira mini Barira."

Inna Barira matarsa ce, kuma ita ce ragowar gwanayen daɓe a unguwar. A da, ba a kai amarya ɗaki sai mata sun taru sun zuba jar ƙasa da tsakuwa, sun daddaɓe da katako suna waƙa, sun shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasan ya yi ƙarfi yana sheƙi. Siminti ya zo ya kashe sana'ar. Shekara ashirin Inna tana jiran wanda zai tambaye ta.

Kafin a sauko daga masallacin Juma'a an kwashe yashin gefe. Kafin la'asar babu shi babu alamarsa, don tulin yashi marar mai shi ba ya wuni a unguwar da kowa ke da katangar da ke jiran yaɓe. Mata sittin suka jeru da madaɓai. Nuriyya tana makaranta wajen rabon abincin baƙi ta jiyo waƙar, ta ɗauka biki ake a wani gida. Da ta dawo ta gani, sai da kular hannunta ta kusa faɗuwa.

Aikin ya yi kyau, wannan gaskiya ne. Ja wur, sumul, kana iya ganin inuwarka.

"Baffa... ai a kan yashi ake kokawa. Kada juna suke yi."

"Ke yarinya ce. Ki bar manya su fita kunyar baƙi."

Ta kira Suhaibu sau goma sha ɗaya. Wayar Toranke ta yi halinta, babu sabis.

Asabar da safe babban alƙalin wasa ya iso, wani dogon mutumin Nijar mai suna Abdulsalam. Ya taka filin, ya buga diddige. Filin ya amsa masa kamar tukunya. Suhaibu na tsaye gefe da ƙurar hanya a girarsa.

"A kan wannan za a kada mutum?" in ji alƙalin. "Ai sai dai a kwashe shi a tabarma. In la'asar ta yi babu yashi a nan, mun kwashe gasar mun kai Kano. Wa ya yi wannan aikin?"

Unguwa guda tana tsaye, kowa ya kau da kai. Baffa ya duƙar da kai yana karanta katinsa kamar yau aka ba shi.

Kalma ɗaya ce a bakin Nuriyya. In ta faɗe ta, ta tsiraita mutumin da ya goya ta a gaban duniya. In ta haɗiye, ta binne wanda take so.

"Laifina ne, ranka ya daɗe," in ji Suhaibu. "Na tafi ban bar wa kowa bayani ba."

Alƙalin ya dube shi sama da ƙasa. "To maganarmu ta aiki, ka manta da ita."

Nuriyya ta sami Suhaibu a bayan rumfar manyan baƙi, yana ta danna waya.

"Me ya sa, Suhaibu? Me ya sa...?"

"An rufe hanya tun asuba saboda manyan baƙi, tifa ba ta shigowa. Ko ta shigo ma, ɗanyen yashi ne, yaushe zan tankaɗe?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sauke wayar. "Ubanki ne, Nuri. In na sami aiki da mutuncinsa, da wane ido zan shiga zaurensa?"

"Yanzu kuma da wane aiki za ka shiga?"

"Wannan kam ban kai nan a tunani ba." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Kada ki yi kuka, abar ƙaunata. Ke kika ce komai wasa nake."

Ta share idonta da gefen mayafi. Sai ta tsaya cak.

"Yashinka bai bar unguwar nan ba. Yana cikin gidaje. Kai ba ka shiga, ni ina shiga."

Amma gida ta fara zuwa. Baffa na zaune a zaure shi kaɗai, ya ajiye hula a gwiwa. Ta durƙusa. Tunda take ba ta taɓa mayar masa da magana ba.

"Baffa, ina ƙarama in na je ofishinka, akwai abin da kake yawan faɗa wa ma'aikata."

Baffa ya juya hular a gwiwarsa.

"Kakan ce wanda ya sa hannu a takarda, shi ke amsa tambaya."

"Nuriyya, ni kike wa karatu?"

"Wane ni, Baffa. Karatunka ne nake biyawa." Hawaye ya zubo mata. "Ko ka ba shi ni ko ka hana, ba zan ƙetare maganarka ba. Amma yau ya rasa aikinsa don kada a kalle ka. Na ce dai kada ka ce ba a gaya maka ba... Kuma akwai baro biyu na yashin a bayan ɗakin Inna."

Ba ta jira amsa ba. Ta shiga unguwa gida-gida, da sallama da gaisuwa, tana faɗa wa mata gaskiya: in yashi bai koma ba, baƙi za su tafi Kano da yunwar abincin rana, kuma za a ce Gaya ta kasa. Maganar yunwar ce ta fi aiki. Kowace ta rantse ɗan kaɗan maigidanta ya ɗiba. Ɗan kaɗan ɗin ya fara fitowa a daro, a bokiti, a buhu, a kwandon wanki, layi guda tun daga bakin masallaci har fili. Wanda ya gauraya da ƙasa, matan suka zauna nan take da rariyar tuwonsu suka tankaɗe.

'Yan kokawar da suka ji labari suka fito da kansu suka karɓi diga. Sai da ƙarti huɗu na Senegal suka jiƙe da gumi kafin daɓen ya fara tsagewa. Inna Barira na tsaye tana kallo, ido ya yi ja, amma ƙirji a buɗe.

"Ku dai duba," take ce wa na kusa da ita. "Kwana ɗaya ke nan fa. Da ya yi bakwai sai sun kira katafila."

Bayan azahar aka ga jama'a na darewa. Baffa ne tafe cikin babbar riga, ya naɗe hannayenta a kafaɗa, yana tura baro, tayar na kuka. Suhaibu ya ruga zai karɓa.

"Bari, ni na ɗauka, ni zan mayar."

Ya juye yashin, ya nufi alƙalin wasa, ya cire katin daga wuyansa a gaban kowa.

"Malam Abdulsalam, ni na ba da umarnin daɓe. Yaron nan ba ya gari. A al'adarmu haka ake girmama baƙo, ban san ku faɗuwa kuka zo yi ba. Ga katinku."

Alƙalin ya dubi katin, ya dubi layin matan da daro a ka, ya girgiza kai.

"Alhaji, na yi alƙalanci a ƙasa goma sha ɗaya. Ba inda aka taɓa yi mini ɗakin amarya sai Gaya. Mayar da katinka, kada wuyanka ya yi sanyi."

Maganar aikin Suhaibu kuwa bai tada ta ba, Suhaibu ma bai tambaya ba.

Ana sallame la'asar ganguna suka ɗauka. Filin ya cika har kan katangu da rassan darbejiya. Karon farko, wani ɗan Chadi da wani ɗan Togo suka sarƙe kamar bijimai, suka daɗe ba wanda ya motsa wani, sai can ɗan Togon ya ɗaga ɗan Chadin sama ya maka shi da ƙasa. Unguwa ta ɗauke numfashi. Mutumin ya miƙe, ya kaɗe yashi daga bayansa, ya rungume wanda ya kada shi yana dariya.

Baffa ya lumshe ido ya ce wani abu a hankali, da alama godiya ce ga Allah. Sannan ya yafito Suhaibu. Nuriyya na bayansu cikin mata, ta miƙa kunne iyakar miƙawa.

"Kai, ɗan Toranke. Ka ce wa manyanka su zo ranar Alhamis."

"Baffa... aikin fa, alƙali bai ce komai ba tukuna."

"Na tambaye ka aiki?"

Suhaibu ya durƙusa nan cikin ƙura, yana ta godiya. Nuriyya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san kuka take ko dariya ba.

Inna Barira ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ki gaya wa yaron nan kada ya wahalar da kansa sayen siminti. Makuba ta yi saura tukunya guda, kuma hannun mata ya riga ya faɗa."

"To Inna, in ya ce shi yashi zai zuba fa?"

"A ɗakinki? Kokawa za ku yi?"