Abin da Kowa Ya Ce

A ajin yamma na masu shirin jarrabawar magana da Turanci ya fara ganinta, zaune ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, tana ta zuba. Shi mai gyaran waya ne, magana wahala take masa. Ba a jima ba ta sa masa Shiru, shi kuma ya sa mata Rediyo.

Darasi guda ne ya addabe shi. Malama za ta kunna muryoyin mutum uku suna gardama, sai ka miƙe ka taƙaita abin da kowa ya ce, da inda suka tsaya. Shiru kan faɗi maganar wanda ya yarda da shi, ya watsar da sauran. Kullum Malama sai ta ce ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa. Kullum sai ya zauna yana huci.

Rediyo ce ke tsayawa bayan an tashi, tana yi masa muryoyi ukun ita kaɗai, har da ta tsoho, sai ya yi dariya ba ya so.

Sai Malama ta haɗa ta gwaji da wani mai zaƙin baki da ake kira Ƙamus. Shiru ya daina zuwa.

Rediyo ta turo masa saƙo: "Shiruna, kujerarka ta yi ƙura. Ƙamus abokin gwaji ne kawai."

Ya amsa: "Na gaji."

"Ka sake taƙaitawa ka bar mutum ɗaya a waje. Ni."

Ya dawo. Aka yi jarrabawa, ita ta ci, shi ya faɗi a wannan ɓangaren dai. Labari ya kai gidan su Rediyo, daidai lokacin da ya aika neman izinin aurenta. Babanta ya ce a kira shi.

Ya durƙusa a bakin ƙofar falo, suka yi ta yi a kansa kamar ba ya wurin. Kawunta ya ce yaro ne mai sana'a, ba ya yawo. Yayanta ya ce ya faɗi jarrabawa, fuskarsa kullum a murtuke, ga Ƙamus nan ya fi shi komai. Baba ya ce shi tsoronsa kada 'yarsa mai surutu ta ƙare a gidan da ba a amsa mata.

Can Baba ya juyo. "Kai, ka ji mu. Me muka ce?"

Maganar Kawu ce ta fara zuwa bakinsa, ita kaɗai. Ya haɗiye. Ya faɗi ta Kawu, ya faɗi ta Yaya har da murtukewar da Ƙamus, bai rage komai ba. Ya faɗi tsoron Baba. Ya ce ba su tsaya ko'ina ba tukuna.

"To kai me ka ce?"

"Ina sonta, Baba. Ban iya amsawa da yawa ba. Amma in ta yi magana, duka nake ji."

Baba ya ce ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da kunnen sauraron juna. Yaya ma ya ce amin, ciki-ciki.

Da suka keɓe ta ce, "Angona, taƙaita min yau."

"Kowa ya ce amin," in ji shi. "Ni ma."