Ruwa Safe da Yamma

Ranar kasuwar Cadawa ce Hafiza ta fara ganinsa. Tana zaune a rumfar mahaifinta, Malam Tijjani mai dusa da kanwa, littafi buɗe a cinyarta, sai ga wani dogon saurayi da sanda a kafaɗa ya yi sallama. Dusa ya zo saye, amma idonsa ya tsaya a kan wani gwangwanin tumatir da ke gefen benci. A ciki wata ƴar murtsunguwa ce, dunƙule kamar goruba, ƙaya ta rufe ta, ga jan fure guda ɗaya a tsakar kanta. Furen kwana biyu kacal yake yi, shi ya sa Hafiza ta kasa barin ta gida.

Kafin ta ce kada, ya kai yatsa.

"Wash!"

"Ba a gaishe ta da hannu," in ji Hafiza, tana ɓoye dariya a mayafi.

Ya tsotsi yatsan yana dubanta. "To ita da uwar ɗakinta, wa ya koya wa wani?"

Sunansa Dikko, ɗan Fulanin wata ruga da ke bayan Gangara. Daga ranar, dusa ta daina daɗewa a rugarsu. Ba a yi kasuwa uku ba sai ga saƙonsa a salularta:

"Mai Ƙaya, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Ɗan Fillo. Yatsa ya warke?"

"Yatsa ya warke. Ƙayar ce ta koma wani wuri."

Murtsunguwar nan ba abin wasa ba ce a gidansu. Mahaifiyar Hafiza, Madam Saudatu, malamar lakol, wato makarantar boko, ita ta zo da ita daga Maradi. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Tufafinta an rarraba, littattafanta gara ta taɓa, abin da ya rage mai rai daga hannunta shi ne na cikin gwangwanin nan.

Da magabatan Dikko suka zo neman izini, Malam Tijjani ya karɓe su da mutunci, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ransa na ga Kamal, ɗan amininsa mai shagon salula. Kashegari ya kira Dikko zaure, ya kira Hafiza.

"Ba ƙin ku nake ba," in ji shi. "Amma ɗiyata a gida mai katanga ta tashi, ku kuwa inda hadari ya yi nan ne gida. Kun san mai ƙafa huɗu. Abin da ke tsaye wuri guda ba ku san shi ba, sai in shanunku za su ci."

Dikko ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ɗauko gwangwanin ya ajiye gabansa. "Ka tafi da ita arewa inda za ku yi damina. In ka dawo min da ita da rai bayan girbi, sai mu yi magana." Ya juyo. "Ke kuma, ko kalma ɗaya kan yadda ake renonta kada ta fita bakinki, balle salularki. Kin yi alkawari?"

Hafiza ta dubi gwangwanin. "Na yi, Baba."

Kwana goma da tafiyarsu saƙo ya shigo:

"Mai Ƙaya, kada ki damu. Amanarki na sha kafin in sha. Safe da yamma nake ba ta ruwa, tare da maruƙa."

Hafiza ta zauna a bakin rijiya. Murtsunguwa ba ta son ruwa sai ƙasarta ta bushe ƙarau, a wata sau biyu ma ya isa. Ƙishirwa ba ta kashe ta, ruwa ke kashe ta.

Ta rubuta: "Dikko, ka daina." Ta goge. Ta sake rubutawa, ta sake gogewa. A tsakar gida mahaifinta na alwalar la'asar, bayansa ya fara ranƙwafawa, bai ko dubi inda take ba. Ba zai taɓa sani ba in ta tura. Ita ce za ta sani.

Abin da ta tura shi ne: "Allah ya tsare hanya, Ɗan Fillo." Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Sati uku yana aiko da gaisuwa, daga nan shiru. Ta kira, bai ɗauka ba. Gero ya yi kai, ya fara nuna, shiru dai.

Wata yamma Kamal ya tsaya da babur ɗinsa a bakin rumfa. Ba mugun mutum ba ne, sai dai yana son ta, kuma ya ga ƙofa.

"Na ga Fillonki a Maradi," in ji shi, "wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Ga irin taki nan jere gabansa. Wata zai saya ya dasa a gwangwanin, wa zai gane?"

"Ka gama? Ga masu sayen kanwa na jira."

Amma maganar ta zauna mata. Mutuwar murtsunguwar za ta iya ɗauka, ko da zafi. Wanda zai dubi idon mahaifinta ya miƙa masa ƙarya, shi ne ba za ta iya zama da shi ba. Ta rubuta: "Dikko, komi ya faru, kada ka kawo wa Baba abin da ba shi ba." Bayan kwana biyu amsa ta zo: "Ina tafe bayan girbi."

Ya zo ran da shanu suka fara shiga karan gonaki. Ya rame, ya yi duhu. A zaure ya durƙusa, ya yaye tsumman da ya rufe gwangwanin. Hafiza ta leƙa daga bakin ƙofa. Murtsunguwar ta koma rabinta, duk ta yamutse.

"Baba, ba yadda ka ba ni ita na kawo ta ba," in ji Dikko. "Ni na ruɓar da gindinta da ruwa. A wurinmu hana mai rai ruwa abin kunya ne, ban san akwai wanda yawansa ke cutarwa ba. Da na ga ta yi laushi tana wari, kunya ta hana ni ɗaukar waya. Na bar wa baffana shanu na tafi Maradi neman mai sani. Wani tsoho mai lambu ya ce in yanke saman da bai ruɓe ba, in bar raunin ya bushe a inuwa kwana bakwai, sannan in ɗora ta kan busasshen yashi, kada in ba ta ko ɗigo." Ya ɗago ya dubi Malam Tijjani. "Mai lambun ya ce kuma ga irinta sak, in ɗauka, babu mai ganewa. Na ce akwai."

"Wa?" in ji Malam Tijjani.

"Ni, Baba. Yankan bai yi min wuya ba. Kwana ashirin ina kallon ta ba ruwa, ga gora cike a kafaɗata, wannan ne ya yi wuya."

Tsohon ya naɗe yatsunsa da gefen rawani, ya ɗan ja murtsunguwar sama. Ta ƙi tasowa. Ta yi saiwa.

Ya sake ta, ya gyara zama.

"Shekarar da Saudatu ta rasu," in ji shi a hankali, "kullum na dawo masallaci sai in ba ta ruwa. Ban san wani abin da zan yi wa mai ita ba. Haka ta ruɓe a hannuna, yarinyar nan ce ta yanke ta ta ceto ta." Hafiza ba ta taɓa jin ya ambaci wannan ba. "Na san za ka yi kuskuren nan, Dikko. Abin da za ka yi bayansa nake son gani." Ya ɗaga murya. "Ke ta bakin ƙofa, kin faɗa masa wani abu?"

"A'a, Baba."

"Da ta faɗa," in ji Dikko, "da ba rabi na kawo ba."

Malam Tijjani ya share ido da bayan hannu. "Ka turo magabatanka."

A farkon bazara aka ɗaura aure, aka kai amarya ɗakin da Dikko ya gina a bakin Gangara, gwangwanin na kan cinyarta. Gogo, mahaifiyar ango, ta tare ta da ƙwaryar ruwa. Da ta ga abin da ke gwangwanin ta yi salati, ta ce wannan baiwar Allah ai ƙishirwa ta gama da ita, ta karkata ƙwaryar.

"Inna, a'a!" Dikko ya tare da hannu biyu, ruwan ya ƙare a kan babbar rigarsa.

Mata suka kwashe da dariya. Hafiza ta duƙar da kai cikin lulluɓi, a nan ne ta gani: tsakanin ƙayoyi, ɗan jan tsiro kamar ƙwayar dawa ya leƙo.

Malam Tijjani, da ya rako su har ƙofa, shi ma ya gani. Ya ɗaga hannuwa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah ya jiƙan wadda ta dasa."

"Amin," in ji jama'a. Hafiza ta ɗora gwangwanin a bakin taga, inda rana ke fara faɗowa.