Inuwa a Farantin Hoto

Ana shirin kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Mode a Wurno. Bara'atu, matarsa, tana tsakar gida tana kwashe tuwo, ta ɗauka yaran makwabta ne ke jifar tsuntsu. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Na uku ya zo a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi, ya tsaya gaban Mode da ke alwala. Ya ɗauka, ya ji shi da sanyi da laima, yana warin ruwan wanke hoto, warin da ya rabu da shi wata huɗu.

Mode ma'aikacin ɗakin hoton ƙashi ne a wani asibiti. Shekara goma sha tara yana wanke hotuna a wani ɗan ɗaki marar taga, shi kaɗai da jar fitila. Bana aka kawo sabon faranti mai tura hoto kai tsaye cikin kwamfuta, aka fasa wa tsohon ɗakin taga, aka mai da shi ma'ajiyar magani. Tun daga nan, kowace safiya kafin majiyyaci ya shigo, sai Mode ya gwada farantin. Ya goge shi da ƙyalle mai laushi, ya ɗauki hoto babu komai a kansa, wanda dole ya fito ruwan toka bai ɗaya. Sannan ya ɗora allon gwaji mai siraran layuka da ɗige-ɗige, ya ƙirga waɗanda ido ke gani. In sun cika ya sa hannu, a fara aiki.

Mako biyu ke nan gwajin ya ƙi. Wata inuwa ke fitowa a hoton, yau a sama, gobe a gefe. Injiniya ya zo daga Sakkwato, a gabansa hoton ya fito fes, yana hawa mota inuwar ta dawo. Maureen, ma'aikaciyar jinya, ta roƙi Mode ya sa hannu haka nan, ga masu tari daga Shinaka zaune a baranda, ba su da ƙarfin tafiya Sakkwato. Ya ƙi. Inuwar in ta sauka kan huhun mutum, likita zai ɗauke ta tarin fuka, a ɗora mai lafiya kan magani wata shida.

Kwana uku ana jifa, kullum daidai faɗuwar rana. A na huɗu jifar ta tsaya, sai Khairiyya, 'yarsu mai shekara goma sha bakwai, ta shige ɗaki ta toshe taga da tsumma, ta zauna tana fuskantar bango. Ba ci, ba magana. Da uwarta ta shiga da fitila, muryar wani tsoho ta fito daga bakin yarinyar.

"Kashe wutar ga."

Da Mode ya leƙa, ta juya masa baya. "Tahi wurin farantinka," in ji muryar.

Washegari ya hau babur zuwa Marnona, ya ɗauko Malam Maccido, dattijon da aka sani da ruƙiyya. Bayan la'asar Malam ya zauna bakin ƙofa ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Rana ta yi ja, kaji suka shige akurki, gidan ya yi tsit. Can Khairiyya ta fara rawar jiki, ta toshe kunnuwanta.

"Wane ne kai?" Malam ya tambaya. "Mi kaka nema ga ɗiyar mutane?"

"Ni ne mai ɗakin da anka fasa ma taga. Tun ba a gina asibitin ba nike nan."

"To mi yarinya tay yi maka?"

"Ita ubanta yak kira ranar da anka kawo farantin. Shina nuna mata, shina dariya, shina shahwa shi. Ni ko sallama bai yi mani ba. Shekara goma sha tara shina shigowa shi rufe ƙofa shi yi mani hira. Da ɗanai Siddiq yar rasu, wa yag gaya ma cewa shi yaj jinkirta kai shi asibiti, don shina kan aiki? Ni. Wa yag ga kukanai? Ni. Yanzu kullum da sahe faranti shika gaisuwa da shi."

Bara'atu, da ke tsaye bayan Malam, ta dubi mijinta. Mode ya sunkuyar da kai.

"Kai ne ke ɓata hoton marasa lahiya?" in ji Malam.

"Hannuna nika ɗorawa. In ya ga abin nan bai da kirki, sai shi dawo."

"Ka san mutum nawa ka hana ma magani? Ka ji tsoron Allah ka hita."

Muryar ta nemi a toshe tagar tsohon ɗakin asibitin, a bar mata ɗakin, Mode ya riƙa shiga ko sau ɗaya a mako. Malam ya ce babu wannan. Ta nemi a yanka mata baƙin zakara. Malam ya ci gaba da karatu har yarinyar ta duƙa tana nishi.

"To shi hwaɗi da bakinai," in ji muryar a ƙarshe, ta yi laushi. "Shi ce da ni shika magana."

Malam ya juyo ya dubi Mode. Mode ya matso bakin ƙofar ɗakin.

"Ban san kana nan ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Da kaina nika yi, da Ubangijina."

Khairiyya ta zuba masa ido, idon da ba nata ba, hawaye na gangarowa. Ba a sake roƙon komai ba. Muryar ta ce za ta koma bakin gulbi wajen Goronyo, inda danginta suke, Malam ya sa ta yi rantsuwa sau uku. Yarinyar ta yi atishawa, ta zube gefe. Da ta farka ruwa ta nema, ta tambayi wanda ya toshe mata taga.

Da safe gwaji ya fito ruwan toka bai ɗaya, layuka sun cika. Mode ya maimaita sau uku kafin ya sa hannu, Maureen ta shigo da mai tari na farko.

Amma a gida Bara'atu ta daina yi masa magana. Ta ajiye masa abinci ta wuce, ya gaishe ta ta amsa a taƙaice. A yini na huɗu, bayan ya dawo daga masallaci, ya tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aika Khairiyya gidan kakarta.

"Maigida, ni na haifi Siddiq," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ina kuka ni kaɗai, ina zaton kai ka manta. Ashe wani kaka kai ma naka."

Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ba haƙuri nika so ba. Zauna. Duk abin da yaj ji, ni ma sai na ji. Hwara daga ranar da zazzaɓin yak kama shi."

Mode ya cire takalmansa, ya zauna.